Gajeren labarina ya ƙi zama littafi, ga shi na riga na karɓi kuɗin mutane

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan Jos, da aurena da yara uku. Bara na rubuta gajeren labari mai kalma 1,500 don wata gasar rubutu ta mata. Ban yi nasara ba, sai na sa shi a Facebook, ga mamakina mutane suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ga shi nan na haɗo miki. Labarin Binta ne, wadda ta koma unguwar da suka baro a rikicin Jos na 2001, bayan shekara 20, don ta karɓo keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarta da suka bar wa maƙwabciyarsu Kirista, Mama Laraba, ajiya. Ya ƙare daidai inda tsohuwar ta buɗe ƙofa, Binta ta hango keken a bayanta yana sheƙi. Masu karatu suka yi ta cewa in mai da shi cikakken littafi. Na buɗe zaure a WhatsApp, wasu har sun biya kuɗin shiga. Da waya nake rubutu, da daddare. Na sa mijin Binta ya yi mata kishiya, na raba su, na kawo wani Alhaji daga Abuja da ke sonta. Yanzu ina da kalma wajen 30,000, amma wallahi in na karanta ba na jin komai, kamar ba ni na rubuta ba. Ga wani abu kuma: asalin labarin na gwaggona ne, ita ta ba ni shi ina yarinya, kuma ba ta san na rubuta ba. Maigidana ya ce in ƙarasa ko ta yaya in huta. Anti, in ci gaba ne, ko in haƙura?

Wata malama, daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki, na karanta labarin, kuma na gane abin da ya sa mutane suka matsa miki. Kada ki haƙura. Amma kuma kada ki ɗora ko kalma ɗaya a kan 30,000 ɗin nan, domin ba su ne littafin ba, kuma zuciyarki ta riga ni gaya miki. Abin da marubuciya ta karanta ba ta ji komai ba, mai karatu ma ba zai ji ba. Na san tausayinki ne ya sa maigida ya faɗi abin da ya faɗa, ganin yadda kike hana idonki barci. Sai dai in kika ƙarasa ko ta yaya, hutun na mako guda ne, bayansa ki zauna da littafi mai ɗauke da sunanki wanda ba kya so a ambata a gabanki.

Abin da ya same ki ba sabon abu ba ne. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, mata da yawa suka koyi matse labari cikin kalma 1,000 zuwa 1,500, horon da ke sa mutum ya zubar da duk abin da ba dole ba. A ɗaya gefen kuma ga al'adar da muka gada daga littattafan kasuwar Kano tun shekarun 1980, inda ake raba labari guda zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da kuɗinsa. Da rubutu ya dawo cikin waya al'adar ta biyo shi: a saki shafukan kyauta, a ce sauran sai an biya, ranar da ba a ga sabon shafi ba kuwa zaure ya ɗauki ƙorafi. Marubuciyar da aka tsaya a kanta haka, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga jarrabawar ɗalibai ba ta gama dubawa ba, me za ta ɗauko in ba abin da ke kusa da hannu ba? Kishiya tana kusa. Alhaji mai mota yana kusa. Ba na raina su, akwai littattafan da su ne ransu, amma naki bai nemi ko ɗayansu ba. Kunu mai kauri kika dama a ƙaramin kofi, aka ce bai isa ba, kika yi ta tuttula ruwa har ya cika bokiti. Mai son kunu da yawa sabon gero yake jiƙawa.

In kina shakka, ki gwada. Ki cire Alhajin Abuja gaba ɗaya, sannan ki tsaya tare da Binta a ƙofar Mama Laraba. Akwai abin da ya sauya a abin da take ji, ko abin da za ta faɗa? In babu, ɗan rakiya ne. Ki yi wa kishiyar haka ita ma. Duk babin da za a zare ba tare da wani abu ya rushe a gaba ba, cika takarda kawai yake yi.

To ina littafin yake? Yana cikin gajeren labarin kansa, a wuraren da kika tsallake saboda an ƙayyade miki kalmomi. Ki je shagon kwamfuta a buga miki shi a takarda, ki ɗauki jan biron da kike duba aikin yara da shi, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta haɗiye shekaru. Bari in fara miki. A sakin layi na huɗu kin ce: "Suka koma Rikkos wurin kawunta, rayuwa ta ci gaba." Ƙanwata, wannan jimlar kaɗai babi biyar ce. Mutum nawa ne a ɗakin? Wa ya kwana a tabarma a sanyin Disamba na Jos, alhali barguna suna can gidan da aka baro? Matar kawun, kwana nawa ta yi tana fara'a kafin fuskarta ta sauya? Ga mace da ta saba ciyar da gidanta da ɗinki, mata suna cika ƙofarta duk jajiberin sallah da na Kirsimeti, an wayi gari ba ta da ko almakashi. Ƙwadago ta koma yi a shagon wani tela, ko wankau, ko tallan ƙosai ta ɗora wa Binta? Wata biyar kacal bayan rikicin, a Fabrairun 2002, babbar kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone. A nan take sayen zare da yadi da allura, kuma nan ne wurin da za ta iya cin karo da Mama Laraba ba tare da ɗayarsu ta taka unguwar 'yar'uwarta ba. Da kasuwar ta tafi, wannan damar ma ta tafi. Kin ga abin da ya faru da garin da gaske yana shigowa labarinki da kansa, ba sai kin janyo shi ba.

Akwai tambayoyi biyu da gajeren labari zai iya kauce musu, littafi kuwa ba zai iya ba. Ta farko: me ya hana mahaifiyar Binta zuwa da kanta har ta koma ga Allah? Tafiyar ba ta kai rabin awa ba a Keke Napep. Tsoro zai riƙe mutum shekara biyu ko uku, amma har ƙarshen rai sai da wani abu bayan tsoro. Ko ta ga wata fuska da ta sani a ranar, daga gidan da ta bar ajiyar? Ko kunya ce, saboda nata mutanen ma akwai abin da suka yi? Ko kuwa ta gwammace ta ci gaba da yarda cewa keken yana nan, da ta je ta tarar an sayar? Ke za ki zaɓa, amma dole ki san amsar kafin ki rubuta babi na ɗaya, ko da mai karatu ba zai san ta ba sai can gaba.

Ta biyu kuwa ke kika dasa ta da hannunki a layin ƙarshe. Kin ce keken yana sheƙi. Duk wadda ta taɓa riƙe keke mai taka ƙafa, Singer ko Butterfly, ta san in aka rufe shi a ɗaki shekara 20, ba mai ba juyi, a gari mai damina irin ta Jos, tsatsa za ta kama shi, bel ɗin ya bushe ya tsinke. Keke mai sheƙi keke ne da ake takawa. Ke nan Mama Laraba ta yi aiki da shi. Yaushe ta fara? Wataƙila ta yi shekara guda goge shi kawai take yi, sai mijinta ya rasu ko aikinsa ya tsaya, ga kuɗin makaranta, wani dare ta zauna a kansa tana neman gafarar Allah. Wataƙila da shi ta kai 'ya'yanta har jami'a. Wataƙila yau jikarta ce ke cin abinci da shi, ita kuwa ba ta san Binta ba, ba ta ga 2001 ba, ta dai san keken kakarta ne. To ranar da Binta ta zo, na wa ne? An riƙe amana, an kuma taɓa ta, kuma babu mugu a cikinsu. Wannan ne littafinki.

Sai batun inda za ki ajiye ƙofar nan. Masu faɗaɗa gajeren labari da yawa sukan mai da shi babi na ɗaya su ɗora, ko su kai shi can ƙarshe su yi ta jan mai karatu zuwa abin da ya riga ya sani. Ba na ba ki shawarar ko ɗaya. Masu karatunki sun san ƙofar za ta buɗe, ba za ki riƙe su da wannan ba. Abin da zai riƙe su shi ne yadda aka kai ga nan, da abin da ya biyo baya. Da ni ce, sai in fara tun kafin rikicin, da wata shida ko shekara, in bar mai karatu ya zauna a wannan layin: naman layya yana tsallaka katanga, shinkafar Kirsimeti tana dawowa, yaran gida biyu suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Kada ki mai da shi aljanna. Ki sa ƙananan tsamin da ba a rasawa tsakanin maƙwabta, rigimar kwata, akuya ta ci shanya, baƙar maganar da yaro ya kwaso a waje ya shigo da ita gida. Sai an zauna da mutane ake jin zafin rabuwarsu. Ƙofar ta buɗe bayan an ci kashi biyu cikin uku na littafin. A ragowar ki shiga ɗakin, ki zaunar da su, su yi maganar da kika tsaya kafin a fara.

Inda nake miki fargaba shi ne Mama Laraba. A gajeren labarin ba ta ce uffan ba, ƙofa kawai ta buɗe, don haka ba ki yi mata kuskure ba. A littafi dole ta yi magana, ta yi fushi, ta yi addu'a, ta yi ƙarya in ta kama. In kika rubuta ta daga zato, za ta fito ko dai waliyyiyar da ba ta kuskure, ko Bahaushiyar da aka sauya wa suna. Ki fara da sanin ko wace ce ita. Birom ce, ko Afizere, ko Anaguta, ko Ngas ce da aure ya kawo ta daga Pankshin? Kowace da abincinta, da yarenta na cikin ɗaki, da ƙauyen da take komawa a Disamba. Wace majami'a take zuwa? Ɗarikun Kirista na ECWA da COCIN duka a Jos hedikwatarsu take, kuma akwai sujadar da ake yi da Hausa zalla, da waƙoƙin Hausa, da Littafi Mai Tsarki wanda cikakkensa ya fara fitowa da Hausa tun 1932. Mace irinta tana cikin zumuntar mata, da zaninsu na anko, kuma a nan za a fara yi mata tsegumi cewa tana ajiye da kayan waɗanda suka gudu. Me wannan ajiya ta jawo mata a wurin ɗanta, da a wurin mutanen layi? Hausarta ma daban ce, Hausar Jos ce wadda sau da yawa ba ta damu da raba namiji da mace ba. Ki sa alamarta kaɗan don kunne ya gane, amma kada ki mai da bakinta abin dariya. Ke malama ce, kuna zama ɗakin malamai da mata Kiristoci kullum. Ki zaɓi wadda kuka fi shaƙuwa, ki gaya mata abin da kike rubutawa, ki roƙe ta ta kai ki wurin mahaifiyarta ko innarta ki yini, ki ga yadda take gaisuwa, da abin da ke rataye a bangonta, da abin da ke ba ta dariya.

Ki kiyaye lokaci, domin mutanen Jos za su kama ki in kika yi sakaci. Rikicin ya fara ne ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001. A lokacin wayar salula wata guda ke nan da shigowarta Najeriya, layi kuma sai mai hali, saboda haka ba abin mamaki ba ne maƙwabta su rabu ba mai lambar wani. Amma zuwa 2010 waya ta shiga kusan kowane gida, daga nan shirun da ke tsakaninsu ya zama zaɓi, kuma sai kin nuna dalili. An sa dokar ta-ɓaci a jihar Filato a Mayun 2004, an sake rikici a Nuwamban 2008 da Janairun 2010, kowanne kuma ya ƙara raba unguwanni, mutane suka yi ta sayar da gidaje ko musayarsu. Ba cewa nake ki jera waɗannan ba, ki ɗauki abin da ya taɓa matan nan kawai. Ina kuma roƙonki, ranar rikicin ki rubuta ta daga idon Binta mai shekara 12, tana ƙarƙashin gado tana jin ƙafafu. Kada ki baje jini don jan masu karatu. Cikin waɗanda za su karanta, a kowane ɓangare, akwai wanda bai ga gawar mahaifinsa ba har yau.

Game da tsawo, kada lamba ta tsorata ki. Abin da ake kira cikakken littafi yakan fara daga kalma 40,000 zuwa 50,000, wato shafi 160 zuwa 200 in aka buga, tunda shafi yakan ɗauki kalma wajen 250. In kina rubuta 500 a rana, kwana 100 ya kai ki 50,000, kuma dogon hutun makaranta kaɗai zai ci miki kusan rabi. Amma in labarin ya gama faɗin abin da ke bakinsa a 25,000, ki tsaya nan. Ƙagaggun labaran farko da suka fito daga gasar da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933 sirara ne, ana karance kowanne a zama ɗaya ko biyu, kuma har yau ana koyar da su a makarantu. Ki buɗe sabon fayil fari fat, kada ki kwafo ko sakin layi ɗaya daga tsohon, har da gajeren labarin, domin jimlolinsa a matse aka rubuta su, ba za su zauna da na littafi ba. Kafin ki fara, ki samu littafin rubutu irin na ɗalibai, kowane babi layi uku: wa ke son me, wa ya tare shi, me ya sauya a ƙarshe. Babin da kika kasa cika masa layi na uku, ki bar shi. Duk dare ki tura wa kanki abin da kika rubuta ta imel, waya ba abin dogaro ba ce. Maigida kuma, tunda hutunki yake so, ki roƙe shi abin da zai iya: ya fita da yaran safiyar Asabar, ya bar miki gidan awa uku.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma shi za ki fara yi. Ki je wurin gwaggonki. Jos ba ta da girman da za a ɓoye labarin da ya zaga Facebook. Wata rana a gidan biki ko suna wata za ta karanta mata shi daga waya, ta ji rayuwarta a bakin baƙi. Gara ta ji daga bakinki. Kada ki kira ta a waya, ki je da ƙafarki, da ɗan turarenki ko goro, lokacin da gidan ba mutane. Ki ce mata, Gwaggo, labarin nan da kika ba ni ina yarinya bai bar ni ba, har na rubuta shi, na kuma fitar da shi ban nemi izininki ba, ki yafe min. Sannan ki karanta mata da bakinki, ki yi shiru ki saurara. Mai yiwuwa ta yi kuka, ta buɗe miki abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In haka ta faru kada ki naɗi muryarta a ɓoye, kada kuma ki matsa da tambaya in kin ga ta gaji, ki koma wata rana. Mai yiwuwa kuma ta ce ba ta yarda ba. To tana da gaskiya a kan abin da yake nata: sunanta, layinsu, mutanen gidansu, da sirrin da ta ba ki don ke 'yarta ce. Waɗannan ki cire su tas. Abin da ya faru da Jos kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, gidaje da yawa sun bar ajiya a hannun maƙwabta, wasu sun samu, wasu ba su samu ba, kuma kina da damar ƙago naki daga wannan. In ta ce ko hakan ba ta so, ki jinkirta, ki nemi wani babba da take jin nauyinsa ya yi mata bayani. Kada ki yi gaban kanki.

Ko ta yarda ma, ki sauya duk abin da zai sa a gane gidan, kuma ba don ita kaɗai ba. Ainihin matar da ta riƙe ajiyar, in tana raye, tana zaune cikin mutanenta, kuma ba kowa ne zai yaba mata ba in aka nuna ta da yatsa. Ki ƙago layin da babu shi, ki sauya yawan 'ya'yanta, da sana'ar mijinta, da ƙabilarta. Kada sakayyar alherinta ta zama fitinar da za ki jawo mata a tsufanta.

Kuɗin zaure amana ne, ki sauke ta. Ki rubuta musu gaskiya a taƙaice: littafin da na fara bai yi ba, zan sake shi daga tushe, zai ɗauki watanni, ga kuɗin kowa. In kin riga kin taɓa kuɗin, ki rubuta sunaye ki riƙa biya in albashi ya shigo, wanda ya ce a bar nasa har littafi ya fito ki rubuta shi daban. Wasu za su yi surutu, wasu su fita, na kwana biyu ne. Abin da ba na so ki sake yi shi ne sakin shafi kina kan rubutu. Labari irin wannan sai kin kai babi na 20 za ki gano abin da ya kamata ki dasa a na 3, kuma in na 3 ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ki da hanyar gyara shi. Ga kuma masu sharhi, wannan ya ce a kashe wance, wancan ya ce a aurar da Binta, a batun da kalma ɗaya za ta iya tayar da husumar addini a zaure. Ki kuma koma ki karanta ƙa'idojin gasar da kika shiga, ki tabbatar babu wani sharaɗi a kan sake buga labarin.

Kalma 30,000 ɗin nan kada ki goge su, ki ajiye a gefe, wataƙila wata rana kishiyar ta samu littafin da ya dace da ita. In kin kammala babi uku na farko, ki karanta su a bayyane ke kaɗai, duk inda harshenki ya sarƙe ki gyara. Sannan ki ba mutum biyu su duba, ɗaya ta zama abokiyar aikin nan taki, ki ce ta nuna miki duk inda Mama Laraba ta faɗi abin da mahaifiyarta ba za ta taɓa faɗa ba. Bayan nan ki turo min, zan karanta in sha Allah. A gaida gwaggo da yara.